Bulon da Bai Sha Ruwa Ba

A garin Lafiya akwai wani gida da ba shi da aibu sai guda ɗaya. Tsakar gidan jar laka ce. Da rani ba ta damun kowa. Da damina kuwa, duk wanda ya fito daga ɗaki zai isa banɗaki, amma ba lallai a tsaye ba.

A gidan akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Sunan kakarta aka sa mata. Saboda haka Baba ba ya kiran sunan, sai dai ya ce mata "Uwata". Kaka kuma "Takwara" take ce mata. Ɗakinsu ɗaya da Kaka. Tare suke cin tuwo, tare suke faɗa a kan ɗumame, tare suke shiryawa kafin shayi ya huce.

A daminar bara, Kaka ta fito da buta a hannu, santsi ya kwashe ta. Ƙafarta ta karye. Aka kai ta Kwandere wurin mai ɗori, ta zauna a gidan 'yarta. Ƙafar ta haɗe, har ta fara takawa da sanda. Da aka je ɗauko ta, sai ta aiko da saƙo maimakon kanta.

"Ku gaya wa Babandi," in ji ta, "ƙafa biyu Allah ya ba ni. Tsakar gidansa ta karɓi ɗaya. Ba zan kawo mata ɗayar ba."

Malam Babandi shi ne Baba. Malamin firamare ne. Albashinsa yana zuwa, sai dai ba ya son gaggawa. Saƙon ya iso masa. Daga baya ya ce zai shimfiɗa intalok a tsakar gida kafin ruwan fari ya sauka. Intalok ƙananan bulo ne na siminti da ake jerawa a ƙasa, su kama juna. A shekarar 2008 ke nan, lokacin da ya fara yawa a gidajen gari.

Yarinyar ta yi murna. Ɗakin ya yi mata girma tun da Kaka ta tafi.

Ran wata Asabar, Baba ya ɗauke ta a mashin. Suka nufi hanyar Shabu, wurin wani mai buga bulo da ake kira Iortyer. Mutumin Binuwai ne, mai yawan fara'a. Siminti ya yi masa fari fat har gira.

"Sannu da zuwa, Oga Malam! Wanne kake so? Ga ja, ga fari."

Baba ya ba shi labarin ƙafar Kaka, sannan ya nuna wani jeri mai kyau. Iortyer ya faɗi kuɗinsa. Baba ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar da hular.

"Wancan na gefe fa?"

"Wancan ɗanye ne, Malam. Shekaranjiya na buga shi. Rijiya na ya ƙafe, ba ni da ruwan ba shi. In ka kwashe yau, zan rage maka sosai."

Fuskar Baba ta washe.

"Amma ka ji ni da kyau," in ji Iortyer. "Shi kamar jariri ne. Safe ruwa, yamma ruwa. Kowane ɗaya sai ya sha. In bai sha ba, gari zai zama."

"Har yaushe?"

"Ka ba shi kamar sati biyu. In ya fi ma, ba laifi."

"Ni zan riƙa ba shi!" in ji yarinyar.

Iortyer ya dube ta daga sama har ƙasa. Bai ɗauki lokaci ba, domin ba ta da tsawo.

"Wannan ƙaramin yarinya? Zai iya?"

"Zan iya mana!"

"Uwata ba ta wasa da aiki," in ji Baba.

Gaskiya ya faɗa. Sai dai har ranar, ba a taɓa ba ta aikin da ya fi wanke-wanke ba.

Da la'asar a-kori-kura ta kawo bulon. Aka jera shi a jikin katanga, tsibi-tsibi, kowanne ya kai kafaɗarta. Baba ya ɗebo ruwa ya nuna mata.

"Ki zuba ta sama, a hankali. Kada ki daina sai kin ga ruwa ya fito ta ƙasa. Kin gane?"

"Na gane, Baba."

Ranar farko ta yi aikin tana waƙa. Rana ta biyu ma ta yi waƙar, amma ba ta kai ƙarshe ba.

Lokacin zafi ne. Ruwan rijiya ya yi ƙasa. Sai igiya ta kusa ƙarewa sannan guga yake taɓa ruwa. Rijiyar tana wannan kusurwa, bulon yana waccan. Shi kuma bulon ba ya ƙoshi. Ta juye bokiti, ya shanye. Ta juye wani, ya shanye, bai ce ko na gode ba.

Da safe ta ja ruwa, ta tafi makaranta. Da yamma ta dawo daga Islamiyya, ta ja ruwa. Tafin hannunta ya yi ja, ya fara saɓulewa. Kafaɗarta ta riƙe.

Wata rana a aji, Malama ta tsaya a kanta.

"Ke, tashi. Nan aji ne ko ɗakin kwana?"

"Aji ne, Malama."

"Na gode da kika tuna. Lafiyarki kuwa? Kwanan nan kullum sai kin yi gyangyaɗi."

"Ba komai, Malama."

A gida ma Mama ta tambaye ta. Mama tana da goyo, ga keken ɗinki da ba ya hutawa.

"Ke yarinya, kin gaji ko? In aikin ya yi miki yawa, ki faɗa."

Yarinyar ta tuna yadda ta ɗaga murya a gaban Iortyer.

"Ban gaji ba, Mama."

"To, madalla," in ji Mama. Ta ɗan dube ta, ta koma kan ɗinki.

Washegari ta makara. Bokiti ɗaya kawai ta samu ta ja. Ta sa kwano ta watsa a saman bulon, ta watsa a gabansa. Ɗan abin da ya rage ta zuba a gindin tsibin.

Baba ya fito yana tura mashin. Ya dubi bulon. Sama a jiƙe, gaba a jiƙe, ga ruwa kwance a ƙasa.

"Madalla, Uwata. Allah ya yi miki albarka."

Ya tayar da mashin ya tafi.

Yarinyar ta tsaya da kwano a hannu. Ranar ta koyi wani abu da ba a koyarwa a aji biyar: bulon da ya sha bokiti ɗaya da wanda ya sha goma, kamarsu ɗaya a ido.

Ta ce yau kawai. Da yamma ta sake cewa yau kawai. Daga nan ta daina cewa komai.

Ƙawarta Ngodoo, 'yar maƙwabta, ta shigo wata yamma ta same ta tana watsin.

"Shi ke nan kin gama?"

"Na gama."

"Na tsakiya fa?"

"Suna cikin inuwa. Ba sa jin ƙishi."

"Su suka gaya miki?"

"Ba su dai yi ƙorafi ba."

Ngodoo ta taɓe baki. "Ni dai ba ruwana."

"Su ma haka," in ji yarinyar, ta yi dariya. Ngodoo ba ta taya ta ba.

Hannunta ya warke. Ta daina gyangyaɗi a aji. Baba ya sayo mata mangoro, ya ce na mai ƙoƙari ne. Bai yi mata zaƙi kamar yadda ta zata ba, amma ta shanye. Baba ya aika Kwandere cewa Kaka ta fara ɗaure kayanta.

Aka yi hutun makaranta. Hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma, ya koma. Baba ya kira magini. Aka baje yashi a tsakar gida, aka daidaita shi. Baba yana miƙa bulo, magini yana jerawa yana bugawa da gudumar roba.

Na sama suka zauna daram. Na gaba ma haka. Baba har ya fara fito.

Sai aka zo na tsakiya.

Baba ya ɗauki ɗaya, kusurwarsa ta zube a hannunsa. Ya ce wannan tsautsayi ne. Ya miƙa wani. Magini ya buga sau ɗaya, ya rabe biyu. Na uku bai jira guduma ba. Ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli.

Baba ya daina fito.

Suka ware masu kyau gefe ɗaya, marasa kyau gefe ɗaya. Ba a buƙaci awo ba kafin a san tsibin da ya fi girma. Yarinyar tana tsaye a bakin rijiya. Ta ji kamar ta shiga ciki ta ja murfin.

"Mutumin nan ya cuce ni," in ji Baba. "Yashi ya cika, ya yi wa siminti rowa. Shi ya sa ya yi ta mini dariya."

Mama ta fito da goyo. "Malam, ka zauna ka sha ruwa tukuna."

"Ruwa? Yarinyar nan ta kusa ƙarar da rijiya a kan wannan shara! Safe da yamma! Da idona na gani."

Mama ta juya ta dubi yarinyar. Yarinyar ta sami wani abin kallo a ɗan yatsan ƙafarta.

Baba ya zuba fasassun bulo a buhu, ya ɗaure a bayan mashin.

"Uwata, hau. Ke ce shaidata."

Hanyar Shabu ba ta taɓa yi mata kusa irin na ranar ba. Ta buɗe baki a bakin kasuwa, iska ta shiga, ta rufe. Ta ce sai an wuce gidan mai. Aka wuce gidan mai. Ta ce sai an wuce bishiyar kashu. Aka wuce bishiyar kashu. Sai ga su sun iso.

Iortyer yana tare da wata mata da ta zo sayen intalok. Ta riga ta zaɓa, ta buɗe jaka.

"A'a, Oga Malam! Yaya Kaka? Ya dawo?"

Baba bai amsa gaisuwa ba. Ya zazzage buhun a gabansa.

"Wannan ne bulon? Ko garin kunu ka sayar mini?"

Iortyer ya durƙusa. Ya ɗauki guntu ya murza. Fara'ar ta bar fuskarsa.

"Malam, an ba shi ruwa?"

"Safe da yamma! Kada ka raina mini hankali. Ka ga ina neman sauƙi, ka haɗa ni da ruɓaɓɓen kaya. Tsohuwa tana can tana jira, ga hadari a sama!"

Masu aiki suka daina aiki. Matar ta dubi garin simintin. A hankali ta rufe jakarta, ta ja da baya. Iortyer ya bi ta da ido. Ya share zufa da bayan hannu.

"Ga wadda ta ba shi ruwan," in ji Baba. "Uwata, faɗa masa."

Kowa ya juyo. Yarinyar ta dubi Baba. Ta dubi Iortyer da ke durƙushe. Ta dubi matar da ta kusa kai bakin titi.

"Baba..."

"Ɗaga murya, ya ji."

Ta ɗaga.

"Ban ba na tsakiya ba. Da farko na ba su. Sai na gaji. Na riƙa watsawa a sama da gaba kawai. Ruwan da ke kwance a ƙasa ma ni nake zubawa, don ka gani."

Ta fashe da kuka.

Baba ya cire hula. Wannan karon ya daɗe bai mayar ba.

"Iortyer," in ji shi a ƙarshe. Ya ɗaga murya kamar yadda ya ɗaga ɗazu, har matar ta tsaya. "Na zarge ka da abin da ba ka yi ba, a gaban mutane. Laifin daga gidana yake. Kayanka ba su da laifi. Don Allah ka yafe mini."

Iortyer ya miƙe ya karkaɗe gwiwa.

"Ya wuce, Malam." Ya dubi yarinyar. "Kai ƙaramin yarinya, bar kuka. Jan ruwa ba wasa ba ne. Ni babba ne, ga gemu, amma da na ga aikin, sai na sayar wa babanka da araha."

Masu aiki suka yi dariya. Matar ta dawo, ta sake buɗe jaka, ko da yake sai da ta ƙwanƙwasa bulo biyu tukuna.

A hanyar komawa Baba ya tsayar da mashin a inuwar bishiyar kashu.

"Kawo hannunki."

Ta miƙa. Ya ga tabon igiya a tafin. Ya daɗe yana kallo.

"Me ya sa ba ki ce kin gaji ba?"

"Na ce zan iya a gaban mutane."

"Sai kika zaɓi ki yaudare ni."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Gajiya ba laifi ba ce, Uwata. Ɓoye ta da ƙarya shi ne laifi. Yau saura kaɗan ki jawo wa bawan Allah asarar sunansa." Ya numfasa. "Ni ma ina da nawa. Na ba yarinya aikin ƙato, na riƙa duba shi daga kan mashin. Ko bulo ɗaya ban ɗaga ba."

Ta share hawaye. "Baba, Kaka ba za ta dawo ba ko?"

"Ban sani ba. Abin da na tara ya tafi. Sai kuma wata shekarar."

Wannan ya fi mata bulala zafi.

A gida suka tarar magini yana zaune a inuwa, yana jiran hukunci. Baba ya gaya wa Mama abin da ya faru. Mama ta ce, "Uhm." Ba ta nuna mamaki sosai ba.

Yarinyar ta tsaya tana kallon yashin da aka baje. Ta dubi ɗan tsibin masu kyau. Sai ta ɗauki kara.

"Baba, ai Kaka ba ta zagaya tsakar gida duka."

"Me kike nufi?"

Ta fara ja da karan a kan yashi. Daga ƙofar ɗakinsu zuwa banɗaki. Daga nan zuwa gindin lemo, inda Kaka take zama ta tsinci wake. Daga nan zuwa ƙofar gida, inda take tsayawa ta yi wa masu wucewa tambayoyi.

"Nan kawai take bi. Kullum."

Baba ya dubi layin. Ya dubi magini.

"Zai isa?"

"In an yi shi siriri," in ji magini. "Na mutum ɗaya. Fasassun kuma a zuba su a ƙasa a daɓe, hanyar ta ɗan tashi."

"To. Uwata, ke za ki kwaso fasassun."

"To, Baba."

Aka tayar da waɗanda aka riga aka jera, aka sake lale. Yarinyar ta yi ta jido da tsohon kwano. Ƙura ta yi mata fari kamar Iortyer. Da rana ta take, ta ajiye kwanon.

"Baba, na gaji."

Baba ya dube ta. "To, huta. Miƙo kwanon."

Ta yi mamakin yadda maganar ba ta da nauyi. Ngodoo ma ta shigo ta taya su, tana cewa, "Ashe dai sun yi ƙorafi."

An gama ba da jimawa ba aka yi ruwan fari. Tsakar gida ta koma halinta. Amma a tsakiyar lakar ga wata 'yar hanya, a bushe, tana lanƙwasa.

Ran Juma'a aka kawo Kaka. Ta tsaya a ƙofar gida da sandarta. Ta dubi hanyar tun daga farko har ƙarshe.

"Babandi, an ce mini tsakar gida za ka shimfiɗe. Wannan ai tsagar kitso ce."

Baba ya yi tari. Yarinyar ta matso.

"Kaka, ni ce. Ni na hana sauran ruwa, suka lalace."

Ta ba ta labari duka. Ba ta rage ko bokitin ƙarya ɗaya ba. Kaka ta saurara. Sannan ta ƙwanƙwasa bulon farko da sanda. Ya amsa da ƙarfi. Ta ƙwanƙwasa na biyu. Ta ɗora ƙafa.

"To, Takwara. Hanya ta mutum ɗaya ce. Ni kuma sai da mai riƙe ni. Ke ina za ki taka?"

Yarinyar ta dubi lakar.

"A nan."

"Madalla. Cire takalmin, kada ki ɓata shi."

Haka aka yi daminar nan. Kaka a kan bulo, yarinyar a cikin laka, hannunsu a haɗe. Mutanen gida kuma suka koyi tafiya a layi, kowa yana jiran na gabansa. Yarinyar ta sha faɗuwa. Kaka kuwa ko sau ɗaya.

Wata safiya, suna tsakiyar hanya, Kaka ta tsaya.

"Takwara, me kika koya a wannan sha'ani?"

"Na koyi cewa in an ba ni aiki, in yi shi har inda ba a gani. In kuma na gaji, in faɗa, kada in yi ƙarya."

"Yawwa," in ji Kaka. "Riƙe ni da kyau. In mun koma ɗaki, ɗumamen nan nawa ne."

"Rabi dai, Kaka."

Suka ci gaba da tafiya, suna gardama.